Soichiro Honda: Ɗan Maƙerin da Ya Gina Kamfani Ya Bar wa Wani Hatiminsa

A Japan hatimi ne ke tsaya wa mutum a madadin sa hannu. Takardar bashi, yarjejeniyar ciniki, cekin banki, duk sai an buga musu hatimi kafin su zama abin dogaro, don haka wanda hatimin kamfani ke hannunsa shi ke juya dukiyar kamfanin. Soichiro Honda ya yi shekara 25 yana shugabantar kamfanin da ke ɗauke da sunansa, daga 1948 zuwa 1973, amma kusan duk tsawon wannan lokaci hatimin na wurin mataimakinsa, Takeo Fujisawa. Shi Honda yana can ɗakin gwaje-gwaje sanye da fararen kayan aiki irin na kowane ma'aikaci, hannunsa duk baƙin mai, yana yi wa wani matashin injiniya tsawa.

Mutane sun fi son a ba su labarinsa a matsayin yaron ƙauye da ya zama hamshaƙi da ƙarfin zuciyarsa kawai. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Mutumin yana da baiwa wadda ba kasafai ake samun irinta ba, yana kuma da halayen da za su iya rusa kamfani cikin shekara biyu: zafin rai, taurin kai, da rashin damuwa da lissafin kuɗi. Abin da ya cancanci a duba shi ne yadda aka tsara kamfanin har ya ci moriyar baiwar, aibin kuma bai kashe shi ba, da kuma yadda shi kansa ya yarda a yi masa wannan shinge.

An haife shi ranar 17 ga Nuwamba 1906 a ƙauyen Komyo, kusa da birnin Hamamatsu a lardin Shizuoka. Mahaifinsa Gihei maƙeri ne da ya koma gyaran kekuna, mahaifiyarsa Mika kuma masaƙiya. Boko bai karɓe shi ba. Da aka ba shi takardar sakamakon jarrabawa ya kai gida a buga mata hatimin iyali, sai ya sassaƙa nasa hatimin da guntun roba ya buga da kansa. Asirinsa ya tonu ne lokacin da ya fara yi wa abokansa, domin bai san ana sassaƙa rubutun hatimi a juye ba. Nasa sunan ya tsira ne kawai saboda haruffansa iri ɗaya suke ta dama da ta hagu.

A 1922, yana ɗan shekara 15, ya tafi Tokiyo koyon aiki a garejin Art Shokai. Watannin farko ko sifana ba a bar shi ya taɓa ba, goyon jaririn maigida aka ba shi. A 1928 maigidan ya sallame shi da izinin buɗe reshen garejin a Hamamatsu, kuma nan da nan ya yi suna, ya yi kuɗi, ya kuma iya kashe su a gidajen shaƙatawa da tseren mota. Tseren ne ya kusa halaka shi a 1936, lokacin da motarsa ta wuntsila a filin Tamagawa ya ji munanan raunuka a fuska da kafaɗa.

Darasinsa na farko mai ɗaci ya zo ne da ya bar gyara ya shiga ƙira. Ya kafa kamfanin Tokai Seiki don yin ringin fistin, yana ganin ai ƙarfe ne kawai za a narka a zuba. Da aka ɗauki guda 50 daga cikin waɗanda ya ƙera aka gwada a Toyota, uku kacal suka tsallake. Bakaniken da ya raina karatu dole ya koma aji a kwalejin koyon sana'a ta Hamamatsu don ya fahimci sirrin haɗa ƙarfe. Ya riƙa shiga darussan da yake buƙata, ya ƙi zama jarrabawa, makarantar kuma ta hana shi takardar shaida. Amsar da ya bayar ta shahara a Japan: tikitin silima ya fi takardar amfani, tunda shi aƙalla yana shigar da mutum cikin silima. Ya dai samu abin da ya je nema, ringinsa ya karɓu.

Bai kamata a tsallake shekarun yaƙi ba, ko da yake masu yabonsa kan yi saurin wucewa. Tokai Seiki ta yi wa masana'antar yaƙin Japan aiki, har da kayan jiragen sama na kamfanin Nakajima, kuma Toyota ta mallaki kashi 40 cikin 100 na hannun jarinta. Bama-baman Amurka sun rusa masana'anta ɗaya a 1944, girgizar ƙasar Mikawa ta rusa ɗayar a farkon 1945. Da yaƙi ya ƙare ya sayar wa Toyota abin da ya rage a kan yen 450,000, ya ce ya tafi hutu. Shekara guda ya yi yana busa sarewa yana shaye-shaye da abokai, alhali ƙasar na fama da yunwa da kangaye.

Abin da ya dawo da shi aiki ƙaramin abu ne. Rundunar sojan da aka rusa ta bar ƙananan injuna kusan 500 waɗanda a da suke ba rediyon soja wuta. Jiragen ƙasa sun cika maƙil, fetur ya yi wuya, mutanen birni kuma sai sun tafi ƙauye neman abinci. Honda ya ɗaura injin a jikin keke, matarsa Sachi ta gwada, jama'a suka yi rububi. Da injunan suka ƙare ya ƙera nasa. A watan Satumba na 1948 aka yi wa kamfanin Honda Motor rajista da jarin yen miliyan ɗaya da ma'aikata 34, a 1949 kuma aka fitar da cikakken babur na farko mai suna Dream.

Sai dai iya ƙira daban, iya karɓo kuɗi daban. Dillalai sukan kwashi kaya su ɓace, ko su biya da takardar da ba ta da kuɗi a bayanta. Kamfanin na sayar da kaya amma aljihunsa wayam. A wannan hali ne wani jami'in ma'aikatar ciniki, Hiroshi Takeshima, ya haɗa shi da Fujisawa a Tokiyo a 1949. Fujisawa, haifaffen 1910, ya yi tallan ƙarfe, ya yi sana'ar katako a Fukushima, bai san komai game da inji ba kuma bai yi da'awar ya sani ba. Mutum ne mai son wasan kwaikwayon gargajiya da kiɗan Turai, mai zama shi kaɗai yana tunani. A zama ɗaya suka raba aiki: ƙira ta Honda ce, kuɗi da ciniki na Fujisawa, kuma babu mai tsoma baki a gonar wani.

Irin wannan alkawari da yawa ake yi tsakanin abokan kasuwanci, kaɗan ne ke kai shekara biyar. Nasu ya kai 24.

Gudunmawar Fujisawa ta fara bayyana a 1952, lokacin da aka ƙera ƙaramin injin Cub F da ake ɗaurawa a keke. Dillalan babur a Japan ba su da yawa a lokacin, kuma manyan kamfanoni sun riga sun kama su. Sai ya rubuta wasiƙa zuwa ga shagunan kekuna kimanin 50,000 a faɗin ƙasar, yana tuna musu cewa kakanninsu ma ba su san keke ba kafin su koyi gyaransa. Dubbai suka amsa, kuma sharaɗinsa shi ne a biya kuɗi kafin a aiko da kaya. Da wasiƙa ɗaya ya samar wa kamfanin hanyar rarraba kaya, ya kuma toshe ƙofar da bashi ke shigowa.

A shekarar ce kuma Honda ya yi abin da duk mai hankalin lissafi zai kira hauka. Ya yi odar injunan ƙira daga Amurka, Jamus da Suwizalan na yen miliyan 450, kuɗin da ya ninka jarin kamfanin sau da dama. Hujjarsa ita ce ko kamfanin ya karye, injunan za su zauna a Japan wani ya yi aiki da su. Maganar tana da daɗin ji, amma ba shi zai fuskanci masu bin bashi ba. A 1954 abin ya kusa tabbata. Tattalin arziki ya ja baya bayan yaƙin Koriya, sabon babur ɗin Juno mai kama da besfa ya ƙi sayuwa, wani samfurin Dream ya samu matsalar kafireta, kasuwar Cub F ta yi sanyi. Fujisawa ne ya tara masu kawo kayan gyara ya roƙe su su jinkirta karɓar kuɗinsu, ya tsaya gaban ƙungiyar ma'aikata ya buɗe musu gaskiyar halin da ake ciki, ya kuma shawo kan bankin Mitsubishi ya ci gaba da ba su rance.

A tsakiyar wannan ruɗani, cikin Maris 1954, kamfanin ya fitar da sanarwa da sunan Honda cewa zai shiga tseren babura na tsibirin Man da ke kusa da Birtaniya, wanda ya fi kowane tseren babur daraja a duniya a lokacin, kuma da niyyar cin kofi. Da ya je kallo a watan Yuni ya ga baburan Jamus da Italiya sun ninka nasa ƙarfi kusan sau uku, jikinsa ya yi sanyi. Ya dawo da jaka cike da sarƙoƙi da tayoyi da sauran kayan Turai don a warware a gani. Sai 1959 suka iya shiga tseren, a 1961 kuma baburan Honda suka kwashe matsayi na ɗaya zuwa na biyar a ajin 125cc da na 250cc. Ni a ganina sanarwar 1954 ba cika baki ba ce kawai. Ma'aikatan da ke tsoron rasa albashi an ba su abin da za su sa a gaba wanda ya fi tsoron girma.

Babur ɗin da ya fi kowane nuna yadda mutanen biyu suke aiki tare shi ne Super Cub na 1958. Fujisawa ne ya matsa a yi shi. Yana son babur mai cc 50 wanda mace za ta hau da siket, wanda yaron da ke kai taliyar soba gida-gida zai tuƙa da hannu ɗaya yana riƙe da tire a ɗayan. Honda ya cika masa buri: kuloci mai aiki da kansa ba sai an matsa da hannu ba, inji mai shan fetur kaɗan, da murfin roba da ke kare ƙafa daga taɓo. Da Fujisawa ya ga samfurin ya ce za a sayar da 30,000 a wata, a lokacin da duk baburan da ake sayarwa a Japan ba su wuce kimanin 40,000 a wata ba. Ya zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100, adadin da babu wani abin hawa mai inji da ya kai. Duk mashin ɗin da muke kira roba-roba a titunan Kano ko Maraɗi, kowane kamfani ya ƙera shi, daga wannan zane ya samo siffarsa. Shi kansa kamfanin ya kafa reshen harhaɗa babura a Najeriya tun 1979, masana'antarsa na Ota a jihar Ogun.

Zuwa Amurka ma shawarar Fujisawa ce. Wasu a kamfanin sun fi son a fara da kudu maso gabashin Asiya ko Turai, shi kuwa ya ce a tunkari kasuwar da ta fi wuya. A 1959 aka buɗe American Honda a Los Angeles. Manyan baburan da suka sa rai a kansu suka riƙa yoyon mai a dogayen titunan Kalifoniya, ƙaramin Super Cub da ma'aikata ke zuwa aike da shi kuma ya ja hankalin mutanen da ba su taɓa tunanin hawa babur ba.

To, yaya zama da Honda yake ga wanda ke aiki a ƙarƙashinsa? Ma'aikata na kiransa Oyaji, wato Baba, suna kuma kiransa da tsawa saboda yadda faɗansa ke saukowa ba gargaɗi. Yakan daki injiniya a ka, yakan yi jifa da sifana ko duk abin da hannunsa ya kai. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce kuskuren ganganci ne ke tayar masa da hankali, musamman wanda zai iya jawo wa mai hawa haɗari, kuma washegari yakan zo yana kame-kame kamar mai neman gafara. Wannan bayani ne, ba wanke shi ba ne. Duka duka ne, kuma akwai masu hazaƙa da suka bar kamfanin saboda ba za su iya jurewa ba. Abin da ya riƙe sauran shi ne sun ga ba ya fifita kansa: kayan aikinsu yake sawa, yana kwana a masana'anta idan inji ya ƙi, ba ya tambayar takardar makarantar mutum kafin ya saurari ra'ayinsa. Fararen kaya ya zaɓar wa kowa da gangan, don datti ya fito fili a wanke.

Taurin kan nan ya yi rana a farkon shekarun 1960. Ma'aikatar ciniki da masana'antu ta Japan, wadda ake kira MITI, ta shirya dokar da za ta taƙaita masu ƙera motoci zuwa rukuni kaɗan, ta rufe ƙofa ga sababbi, don a iya gogayya da Amurka. Da dokar ta wuce, da Honda ya tsaya a babur har abada. Ya tunkari jami'an ma'aikatar da faɗa, yana cewa masu hannun jari ne kaɗai za su ba shi umarni, idan gwamnati na son ta yi magana to ta sayi hannun jari. Ya kuma gaggauta fitar da ƙaramar motar ɗaukar kaya T360 da motar S500 a 1963 don ya riga dokar. Dokar ta mutu a majalisa. A 1964 ya shiga tseren Formula 1, a 1965 motarsa ta ci tseren Meziko.

Wannan taurin kai ɗin dai shi ne ya kusa kifar da sashen motoci. Honda ya yi imani cewa inji mai sanyaya da iska ya fi mai lagireto, tunda a cewarsa ruwan ma ai iska ce ke sanyaya shi, kuma inda babu ruwa babu yoyo. A babur yana da gaskiya. A mota kuwa, matasan injiniyoyinsa sun ga cewa ba za a iya daidaita zafin inji yadda za a rage gubar hayaƙi ba sai da ruwa. Ya ƙi ji. A 1968 motar tsere mai sanyaya da iska da ya dage a shigar a tseren Faransa ta yi haɗari ta kama da wuta, direbanta Jo Schlesser ya mutu. A 1969 motar Honda 1300 ta fito da inji mai ƙarfi amma mai nauyi da tsada, kasuwa ta juya mata baya. Wani injiniya mai suna Tadashi Kume ya yi fushi ya daina zuwa aiki na wani lokaci. Wanzami dai ba ya son jarfa: mutumin da ya yi suna wajen ƙin bin na gaba da shi ya kasa jure wa yaransa su ƙi bin sa.

A nan ne Fujisawa ya taka iyakar da suka shata shekara 20 baya. Ya saurari injiniyoyin, sannan ya je ya sami Honda. Bai yi masa gardamar iska da ruwa ba, don ba fanninsa ba ne. Tambaya ɗaya ya yi masa: shugaban kamfani yake so ya zama, ko injiniya? Honda ya yi shiru, sannan ya ce zai tsaya a shugaba. Ma'anar amsar ita ce ya sakar wa matasan mara su yi inji mai ruwa. Tun 1960 Fujisawa ya riga ya ware sashen bincike ya mai da shi kamfani mai zaman kansa, da tunanin cewa wata rana babu Honda, kuma dole taron ƙwararru ya maye gurbin mutum ɗaya mai baiwa. Ranar ta zo tun mutumin na raye.

Sakamakon bai jima ba. A 1970 Amurka ta kafa dokar tsaftace iska da aka fi sani da sunan Sanata Muskie, wadda ta nemi a rage gubar hayaƙin mota da kashi 90 cikin 100 a 'yan shekaru. Manyan kamfanonin motocin Amurka da ke birnin Detroit suka ce ba zai yiwu ba. A 1972 Honda ta fito da motar Civic da kuma injin CVCC, wanda ya zama na farko da ya cika sharaɗin dokar ba tare da an ƙara masa na'urar tace hayaƙi a salansa ba. Toyota, Ford, Chrysler da Isuzu duk sun sayi izinin fasahar. Honda ya yi murna yana cewa ga damar kamo manyan kamfanoni ta samu, sai matasan suka mayar masa da cewa su ba don kamfani suke wannan aiki ba, don iskar da 'ya'yansu za su shaƙa ne. Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa maganar ta nuna masa ya fara tunani irin na mai kare kamfani, kuma lokacinsa ya wuce.

A 1973 Fujisawa ya aika masa da saƙon cewa zai ajiye aiki. Honda ya ce in haka ne tare za su tafi, domin shi shugaba ne kawai saboda akwai Fujisawa. A watan Oktoba suka sauka, Honda na da shekara 66, Fujisawa 62, kamfanin kuma na kan ganiyarsa. Suka miƙa wa Kiyoshi Kawashima mai shekara 45, injiniyan da ya shigo tun kamfanin na rumfa. A ƙasar da shugabannin kamfanoni kan riƙe kujera har tsufa ya ci ƙarfinsu, abin ya ba mutane mamaki. Kume, wanda ya yi yajin zuwa aiki, shi ya zama shugaba na uku a 1983.

Akwai wata ƙa'ida da suka yi tun da wuri wadda, a nawa ra'ayin, ta fi komai wuya ga mai kafa kamfani a kowace ƙasa: babu ɗan Honda ko ɗan Fujisawa da zai shiga kamfanin. Ƙaninsa Benjiro, wanda aka fara wahalar da shi, ya bar kamfanin a farkon shekarun 1960. Ɗansa Hirotoshi ya kafa nasa kamfanin na injunan tsere mai suna Mugen a 1973. Honda ya sha cewa ya yi nadamar sa wa kamfanin sunansa, domin yana sa mutane su ɗauka kayan gidansu ne. Toyota da Suzuki sun bi wata hanyar, iyalan da suka kafa su sun daɗe suna jan ragama kuma sun yi nasara, don haka ba za a ce hanyar Honda ce kaɗai daidai ba. Amma ita ce ta dace da kamfanin da aka gina a kan cewa ƙaramin injiniya na iya gaya wa shugaba ya yi kuskure.

Bayan ya sauka ya zagaya Japan, masana'anta bayan masana'anta, shagon dillali bayan shagon dillali, ɗaruruwan wurare, yana gode wa ma'aikata hannu da hannu. Fujisawa kuwa ya janye gaba ɗaya, ya buɗe shagon kayan tarihi a unguwar Roppongi ta Tokiyo, ya rasu a Disamba 1988. Honda ya rasu ranar 5 ga Agusta 1991 yana da shekara 84, bayan ya bar wasiyyar kada kamfani ya yi masa gagarumar jana'iza, domin bai dace mai ƙera motoci ya haddasa cunkoso a titi ba. Taron godiya aka yi a wuraren aikin kamfanin a maimakon haka.

Zauren karrama gwarzayen masana'antar mota na Amurka ya shigar da sunan Honda a 1989, Bajapane na farko da ya samu wannan matsayi. Sunan Fujisawa bai shiga ba sai a 2023.